Bututu Uku

Ni ɗan wanki ne a gindin gadar Yamai.
Gonata ruwa ce, irina sabulu,
shekara goma sha tara ina bugun rigunan mutane
har kirci ya zo ya yi zamansa a bayan hannuna.
Busasshe ne, ba ya ruwa, ba ya ƙurji,
sai dai ya tsage kamar bakin tabki in ruwa ya janye.
Da rana ba ya magana.
Sai dare ya raba ya tashe ni,
in yi ta susa har Cima ta juya ta ce,
"Arzika, fatar nan ba ta aro ba ce?"

Na farko a Katako na saye shi, a kan tebur,
tsakanin batir da maganin ɓera.
Dala ɗari. Kulobetazol, in ji mai karatu.
Yaron ya ce mata na rububinsa don su yi fari,
na ce ni fari bai dame ni ba, barci nake so.
Kwana uku, wallahi, kwana uku,
hannu ya yi sumul kamar na ɗan ofis.
Na shafa safe, na shafa dare, na shafa don daɗi,
wata huɗu ban tambayi kowa ba.
Sai fata ta koma ɓawon albasar Galmi,
jijiya tana leƙena ta ƙarƙashi,
maɓallin riga ma ya isa ya yanke ni.
Ran da na daina, kirci ya dawo da ƴan rakiya.

Na biyu ba nawa ba ne.
Na jikar Tsahara mai ƙosai ne, idirokortizon,
wanda likita ya rubuta don kumatun jaririya.
Mai ladabi ne, ba ya ɗaga murya.
A fuskar yarinyar ya yi aikinsa tsaf,
a nawa hannun mai kanta
kamar ka aiki yaro ya tsawata wa raƙumi.

Na uku sai da na bi layi tun asuba,
na bar zannuwan mutum shida a jiƙe.
Likita Nomau ya juya hannuna sama da ƙasa
kamar mai duba kifi ko na jiya ne.
Bai yi faɗa ba. Na so a ce ya yi.
Ya ce, "Duk dangi ɗaya ne, ƙarfi ne ya bambanta,
kuma ƙarfi ba alheri ba ne sai an san inda za a tsaya."
Ya rubuta betametazon, mai maiƙo,
ba mai kama da madara ba,
don busasshiyar fata maiƙo take roƙo.
Ya nuna mini gaɓar yatsa: iya nan, sau ɗaya, da dare,
mako biyu ka dawo. Ban da fuska.
Man kaɗe kuwa ka shafa har ka gaji.
Sannan ya ce in huta da ruwa.
Na yi dariya har mai gadi ya leƙo.

Yanzu safar roba nake sawa, ja, har gwiwar hannu,
abokan wanki suna kirana mai tiyata.
Zanen gadonmu ya yi tabon maiƙo,
ni da kaina nake wanke shi, ba mai biyana.
Na Tsahara na mayar mata da godiya.
Na Katako yana nan a bakin taga, ya lanƙwashe,
ban jefar ba, ban taɓa ba.
Wani dare in ƙaiƙayi ya motsa
nakan dube shi, shi ma ya dube ni,
sai Cima ta miƙo gwangwanin man kaɗe
ba ta ko buɗe ido ba.